Kafin Ka Ƙara Wa Akori-Kura Sifirin, Tsaya Ka Yi Wannan Lissafin

Duk wanda kiwonsa ya fara girma, akwai ranar da kuɗin dako zai fara ci masa tuwo a ƙwarya. Kaji 200, a adaidaita sahu ma kana iya ɗauko abincinsu. Ranar da suka kai 2,000 kuwa lissafi ya canza. Kazar ƙwai ɗaya tana cin wajen giram 110 zuwa 120 a rana, wato kaji 2,000 za su lashe buhu 9 zuwa 10 na mai kilo 25 kullum. A sati ɗaya ka haura tan ɗaya da rabi. Ga ƙwai da za a kai kasuwa, ga ɓuntun shinkafa na shimfiɗa, ga kashin kaji da manoma ke jira. Mai kifi shi ma haka, ga abinci, ga ruwa, ga tarwaɗa da dole ta isa kasuwa da ranta.

Daga nan ne mutum ke fara tunanin akori-kura, ko tsohuwar Hilux ce, ko ma Fijo 504 irin ta iyayenmu, wani kuma har ya sa mai walda ya haɗa masa 'yar ƙaramar tirela da zai riƙa ja a baya. To ranar lodin farko sai ka ga bayan mota ya zauna, hancinta ya ɗaga sama kamar tana shaƙar iska. Kowa a gareji shawararsa ɗaya ce: "Alhaji, kai ta wurin masu sifirin a ƙara mata falle biyu, magana ta ƙare." Maganar ba ta ƙare ba fa. Wani lokacin ƙarin fallen yana da amfani, wani lokacin kuma rufe ciwo ne kawai da bandeji, ciwon yana nan yana ci.

Mu fara da abin da ido ke gani. Ka lura da sabuwar akori-kura idan ba ta ɗauke da komai, bayanta ya ɗan fi gabanta tsayi, da kamar santimita 3 zuwa 7, ya danganta da samfurin. Da gangan kamfani ya yi haka. An bar wa sifirin na baya wurin lotsawa ne, ta yadda idan aka ɗora kaya motar za ta sauko ta daidaita. Wannan ɗan tudun shi ne jarinka na lodi.

Na kawo wannan ne saboda abin da samari ke gani a bidiyon Amurka. A can akwai wani kayan gyara da ake sayarwa sosai, wasu zobba ne na ƙarfe da ake sa wa a saman sifirin na gaba su ɗaga hancin motar da inci 2 ko makamancin haka, domin gaba da baya su yi daidai tun motar ba kaya, a kuma samu wurin sa manyan tayoyi. Don kwalliya ne, kuma tana yin kyau, ba musu. Amma mai jan kaya da ya yi wannan ya cinye jarinsa tun kafin ya fara kasuwa. Motar da ta yi daidai ba kaya, da zarar ka ɗora mata buhu 20 bayanta zai koma ƙasa da gabanta. Su kansu Amurkawan masu jan tirelar dawaki da ta shanu sun san haka, shi ya sa da yawansu ba sa taɓa gaban motar. Daidaiton da mai kiwo yake nema shi ne na lokacin da mota take ɗauke da kaya.

Me ya sa ma za mu damu don baya ya zauna? Ai tana tafiya, ko ba haka ba?

Ka ɗauki motar kamar sikelin mai nama, ko lilon da yara ke yi da katako a kan turmi. Tayoyin baya su ne turmin. Duk nauyin da ka ɗora a bayan tayoyin baya, yana danne baya kuma yana ɗaga gaba. Hilux mai ƙofa huɗu, tsakanin tayar gaba da ta baya mita 3 ne da 'yan kai, ƙugiyar jan tirela kuma tana kamar mita 1.2 a bayan tayar baya. Idan hancin tirela ya danna ƙugiyar da kilo 200, tayoyin gaba za su rasa kusan kilo 80 na nauyin da ke manne su da ƙasa. Kilo 80 ɗin nan bai ɓace ba, baya ya koma. Wato tayoyin baya kilo 280 suka ƙaru da shi, alhali kai 200 ka sani. Haka lissafin yake idan ka buɗe ƙyauren baya ka jera buhuna a kansa, kamar yadda ake yi kullum a hanyar Dawanau.

Tayoyin gaba kuma su ne sitiyari, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Idan suka yi sakayau, za ka ji sitiyari ya yi laushi, mota tana yawo a titi, a kwana kana juyawa tana son miƙewa. Idan an yi ruwa ko titi da yashi abin ya fi muni. Da dare fitilarka ta bar titi ta koma haska idon mai zuwa, kai ba ka ganin rami, shi ba ya ganin komai. A baya kuma sifirin ya miƙe ya kwanta a kan robar da aka sa don tare shi, don haka kowane rami kai tsaye yake dukan shasi da kayan da ke sama. Mai ƙwai ya san abin da wannan ke nufi.

Kafin a je maganar gyara, akwai lambobin da ya kamata ka nema. A jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko cikin gidan inji, akwai 'yar faranti ko takarda da kamfani ya liƙa. A nan za ka ga iyakar nauyin motar gaba ɗaya da kayanta, an rubuta GVM ko GVWR. Sau da yawa akwai iyakar abin da tayoyin gaba da na baya za su ɗauka daban-daban. Littafin motar kuma yana faɗin iyakar nauyin tirela, da iyakar nauyin da zai danna ƙugiya, da jimillar mota da tirela a haɗe.

Mu yi misali da lambobi masu sauƙi. A ce iyakar motarka kilo 3,000 ce, ita kanta ba kaya tana da 2,050. Saura 950. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce ai tan ɗaya take ɗauka, buhu 40 ke nan. To cire kanka da yara biyu masu lodi, 200. Cire kejin ƙarfen da mai walda ya ɗora a baya, 60. Cire jarkar gas da ƙarin taya da kayan aiki, 40. Idan kana jan tirela, nauyin da ke kan ƙugiya shi ma motar ce ke ɗauke da shi, cire 200. Abin da ya rage 450 ne, buhu 18 na abincin kaji, ko buhun masara 4 da rabi. Ka ga nisan 18 da 40.

Akwai kuma tarkon jimilla. Wasu samfurin Hilux da aka sayar a Ostareliya an rubuta za su ja tirela mai birki har kilo 3,500, amma jimillar mota da tirela kada ta wuce 5,850. Cire 3,500, saura 2,350, motar kanta kuma ta haura tan 2. Wato ranar da ka ja cikakken abin da aka yi talla da shi, kai da yaronka da 'yar jaka kawai motar za ta ɗauka. Tirelar da ba ta da birki kuwa, irin wadda akasari ake haɗawa a wurin masu walda, a Turai da Ostareliya doka ta tsayar da ita a kilo 750, har da nauyin ita kanta tirelar. Birkin motarka an yi shi ne don motarka. Duk abin da ya wuce haka, a gangara shi zai riƙa tura ka.

Abin da nake so ya zauna a ran kowa shi ne, babu wani sifirin, ko balan-balan, ko roba da ke ƙara ko kilo ɗaya a kan waɗannan lambobin. Iyakar ta fito ne daga birki, da shasi, da ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, da boris, da tayoyin kansu. Su kansu kamfanonin da ke ƙera kayan ɗaga bayan mota suna rubuta hakan a takardar kayansu. A Ostareliya ana iya ƙara iyakar a hukumance, amma sai injiniya ya duba ya sa hannu an canza faranti. Ƙarin falle a gareji bai kai nan ba.

To idan lodinka yana cikin iyaka amma duk da haka baya yana zama fiye da kima, me za a yi?

Na farko, a duba ko sifirin ɗin ne ya mutu. Yawancin motocin da ke hannunmu sun yi shekara 15 ko 20 suna aiki. Falle yakan karye a tsakiya ba a lura ba, robobin idon sifirin sukan cinye, sifirin kansa yakan gaji ya miƙe. Motar da bayanta ya riga ya yi daidai da gaba tun ba kaya, kuma ba wanda ya ɗaga gaban, sifirinta ya gaji. Maganin sabon sifirin ne mai ƙarfin na asali, kuma gefe biyu tare. Wasu masu gyara suna gasa falle a wuta su lanƙwasa shi ya dawo da tudunsa. Ranar za ka ga mota ta miƙe ka ji daɗi, amma wuta tana kashe ƙarfin da aka horar da ƙarfen da shi, bayan 'yan watanni ya sake kwanciya ko ya karye. Sannan shok ba ya ɗaukar kaya, aikinsa hana mota tsalle-tsalle ne. Canza shi yana da kyau idan ya mutu, amma ba zai ɗaga baya ba.

Na biyu shi ne ƙarin fallen da kowa ya sani. Yana da araha, kowane gari akwai mai yi, kuma ba ya fashewa a daji. Ga motar da kullum a cikin lodi take, kamar mai dakon abinci daga kamfani zuwa gona, ya dace. Matsalarsa ba ya cirewa. Ranar da motar ba ta da nauyi, bayanta ya zama kamar amalanke. Ka tuna kayan mai kaji ba duka ne masu nauyi ba. Kiret 100 na ƙwai, ƙwai 3,000 ke nan, bai wuce kilo 200 ba. Kwalayen 'yan tsaki kuwa kusan iska ne. A kan sifirin mai tauri wannan kayan ba ya iya lotsa shi, don haka duk wani gargada a jikin ƙwai da 'yan tsaki yake ƙarewa. Wanda ya ƙara falle uku don buhun masara, ranar kai ƙwai zai biya kuɗin. Idan za ka ƙara, ka fi neman irin fallen taimako da ke zaune ba ya aiki sai mota ta lotsa ta same shi. Kuma kusoshin nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin, a sa sababbi masu tsawon da ya dace, a sake ɗaure su bayan tafiyar farko da kaya. Tsofaffin sun riga sun miƙe.

Na uku balan-balan na iska, wato jakunkuna biyu na roba mai kauri da ake sa wa tsakanin shasi da ƙarfen tayoyin baya. Kamfanin Air Lift na jihar Michigan a Amurka tun 1949 yake wannan sana'ar, Firestone ma suna yi. Daɗinsu shi ne kai ke da iko: ranar masara ka ƙara iska, ranar ƙwai ka rage. Galibi ana barin aƙalla awo 5 na PSI a ciki kada robar ta murƙushe, iyakarsu kuma kan kai 100. Ga mai kiwon da kayansa ke canzawa kullum, a ganina wannan ya fi dacewa da yanayin aikin, in ka same shi kuma ka samu mai sa shi da kyau. A sa wa kowane gefe bututun iskarsa daban. Idan aka haɗa su a bututu ɗaya, a kwana iska za ta gudu daga gefen da aka danne ta koma ɗayan, motar ta ƙara karkata, kuma mai ɗauke da ruwa ba ya son haka ko kaɗan.

Amma balan-balan yana da nasa haɗarin, kuma shi ne yaudarar ido. Za ka iya loda mota ta wuce iyaka, ka bunƙasa iska ta miƙe tsaf kamar ba komai. A Ostareliya, inda ake yawan ɗora wa irin waɗannan motocin manyan akwatuna a shiga daji da su, an sha ganin shasi ya lanƙwashe a daidai bayan ɗakin direba. Dalilin da masu gyara ke bayarwa kusan ɗaya ne: nauyi mai yawa can bayan tayoyin baya, hanya mai gargada, wani lokacin kuma ga balan-balan cike da iska yana tokare shasi a wuri ɗaya. Sifirin na asali a wuri biyu yake raba nauyi a jikin shasi, gaba da baya. Balan-balan mai tauri kuwa a tsakiya yake tara shi, ya zama kamar gwiwar da ake karya rake a kanta. Akwai kuma irin na roba zalla da ba a sa masa iska, kamar na kamfanin Timbren na Kanada, wanda ake cire robar tare sifirin a sa shi a gurbinta. Ba ya buƙatar kulawa, amma ba ka da ikon ƙara shi ko rage shi.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Duk waɗannan ukun baya kawai suke ɗagawa. Kilo 80 ɗin nan da ya bar tayoyin gaba, ba su mayar da shi ba. Turmin lilo ka ƙara wa tsayi, wanda ya fi nauyi har yanzu shi ya fi nauyi. Fitila za ta gyaru, sifirin zai samu wurin motsi, amma sitiyari yana nan da sauƙinsa. Abin da ke mayar da nauyi gaba da gaske wata irin ƙugiya ce mai sanduna biyu na ƙarfe, waɗanda ake ɗaurewa daga ƙugiyar zuwa hancin tirela. Idan aka ɗaure su, suna aiki kamar ka kama hannayen baro ka ɗaga, wani nauyin ya koma tayoyin gaban mota, wani ya koma tayoyin tirela. A Amurka da yawa daga cikin masu jan babbar tirela suna da ita. Sai dai ba kowace mota aka yarda a sa mata ba, sai ka duba littafinta, kuma hancin tirelar da mai walda ya haɗa da ƙaramin ƙarfe ba lallai ya jure wannan matsin ba. A hanyar gona mai kwazazzabai ma ana kwance sandunan kafin a shiga.

Masu tsohuwar Hilux, ku matso kusa. Yawancin tsofaffin da ba su da ABS suna da wani ɗan bawul a ƙarƙashi ta baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da ƙarfen tayoyin baya. Aikinsa auna yadda mota ta lotsa. Idan ta zauna, ya gane akwai kaya, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan ta tashi, ya rage, don kada tayoyin baya su kulle. To ka ƙara falle ko ka bunƙasa balan-balan, mota ɗauke da kilo 800 amma tana tsaye kamar ba komai. Bawul ɗin zai ɗauka ba kaya, ya hana birkin baya ƙarfinsa a daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Duk wanda ya taɓa tsayin bayan irin wannan motar, ya sa bakanike ya sake saita wannan bawul. Wasu garejin ma cire shi suke yi gaba ɗaya idan ya fara yoyo. Idan za ka sayi tsohuwa, leƙa ka gani ko yana nan.

Gaskiya kuma, kafin ka kashe ko sisi, gyaran da ya fi kowanne aiki kyauta ne, wato yadda ake jera kaya. Mai nauyi ya tafi can gaba ya jingina da bayan ɗakin direba, a ƙasa, a tsakiya. Mara nauyi ya zo baya da sama. Yaran lodi sun fi son akasin haka saboda sauƙin saukewa, sai ka tsaya a kansu. Buhu 10 ɗin da suka zaunar da mota a bakin ƙyaure, ka matsar da su gaba ka ga yadda za ta tashi.

A tirela, kusan kashi 60 cikin 100 na kaya ya kasance a gaban tayoyinta, 40 a baya. Ana so hancinta ya danna ƙugiya da kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinta duka. Amurkawa suna cewa 10 zuwa 15, Turawa sukan yi ƙasa da haka. Wani idan ya ga bayan motarsa ya zauna sai ya yi dabara, ya tura kaya can ƙarshen tirela don hancinta ya yi sauƙi. Mota kam za ta miƙe. Amma wannan ita ce dabara mafi haɗari a duk maganar nan. Tirelar da bayanta ya fi nauyi, da zarar gudu ya ƙaru ko babbar mota ta wuce ka da iska, sai ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama, kowane kaɗi ya fi na baya, har ta juya motar. In hakan ta fara, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danna birki da ƙarfi, kada kuma ka yi ƙoƙarin bin ta da sitiyari. In ta lafa ka tsaya ka sake lodi.

Masu kifi, naku ya fi na kowa wuya, domin kayanku motsi yake. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Farin tankin nan mai kejin ƙarfe na lita 1,000, idan ya cika ya kai wajen kilo 1,060 da nauyin kansa. A motar misalinmu mai 950, ya wuce iyaka tun direba bai shiga ba. Sai mutum ya ce to bari in zuba rabi. Rabin tanki kuma ya fi cikakke rashin kunya, saboda ruwan ya samu filin gudu. Ka taka birki, kilo 500 ya taho gaba ya daki bango, ya koma baya, ya sake dawowa. A kwana ya tattaru gefe ɗaya a daidai lokacin da motar ke karkata can. Manyan tankokin mai shi ya sa ake raba cikinsu da bangaye.

Ga shi kuma tarwaɗa ba a cika mata mazubi, tana buƙatar sarari ta ɗago ta shaƙi iska. Mafita ita ce a raba: jarkoki ko durom-durom ƙanana da yawa maimakon babban tanki ɗaya. Ruwan da ke cikin jarka mai lita 50 ba shi da filin da zai yi gudu ya tara ƙarfi. A jera su a matse daga gaba, a ɗaure da igiya mai kyau ta yadda ba mai zamewa. A daina ba kifin abinci kwana ɗaya kafin tafiya don kada su ɓata ruwan, a kuma tashi da sassafe. Sanyin safiya yana yi wa kifi daɗi, yana yi wa taya daɗi.

Tayar ma a duba ta, don duk nauyin nan a kanta yake ƙarewa. A gefenta bayan lambar girma akwai lambar nauyi: 100 na nufin kilo 800, 104 na nufin 900, 110 na nufin 1,060 ga taya ɗaya, kuma sai da cikakkiyar iska. Tayar lodi tana da harafin C ko LT. Mutane suna sa wa akori-kura tayar jif ta 'yan gayu saboda ta fi araha a gwanjo, alhali gefenta laushi ne da ita. Akwai kuma lamba huɗu da ke nuna sati da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna duba wannan, kamar yadda suke duba lodin da ya wuce kima. Iska kuma a auna ta da safe kafin taya ta yi zafi, a bi adadin da farantin ƙofa ya nuna na lokacin lodi, ba wanda mai faci ya saba sa wa kowa ba.

Awon kansa ba ya buƙatar komai sai tef ɗin tela da fili shimfiɗaɗɗe mara gangara. Mota ba kaya, ka auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman kowace taya, ka rubuta lamba huɗu. Yi lodi, haɗa tirela, sa mutanen da za su shiga su shiga, ka sake aunawa. Baya ya sauko ya yi daidai da gaba ko ya ɗan fi shi kaɗan, lafiya lau. Baya ya koma ƙasa da gaba, ko ka leƙa ka ga sifirin ya kusa taɓa robarsa, kaya sun yi yawa ko sun yi baya. Gaba ya tashi fiye da santimita 1 ko 2, sitiyarinka ya fara sauƙi, a matsar da kaya gaba ko a rage. Hagu da dama sun bambanta, ko lodi ya karkace ko falle ya karye. Mai ƙugiya mai sanduna zai riƙa ɗaure su har gaban ya dawo aƙalla rabin abin da ya tashi, ko yadda littafin motarsa ya ce. Ita ma tirelar ta tsaya a miƙe, ko hancinta ya ɗan sunkuya kaɗan, kada dai ya ɗaga sama. In tsayin bai yi ba, ƙugiyar ake canzawa da mai sauka ko mai hawa. Sarƙoƙi biyu na tsaro a gicciye su a ƙarƙashin hancin, don in ƙugiya ta kwance su tare shi kafin ya caki ƙasa.

In kuma akwai kamfanin shinkafa ko na abincin kaji kusa da kai mai sikelin da mota ke hawa, ka roƙe su ka hau sau ɗaya da irin lodin da ka saba. Hau da tayoyin gaba kaɗai ka rubuta, sannan motar duka, sannan da tirela. Cire na farko daga na biyu, ka samu abin da ke kan tayoyin baya. Gwada shi da lambar da ke kan faranti, sannan ka rubuta adadin buhunan da suka dace da fenti a jikin bodi ta ciki, inda yaran lodi za su riƙa gani ko ba ka nan.